Jinkar Ɗakin Saudatu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, kai Nafi'u ka ɗora hoton 'yarka Saudatu a shafinka na intanet: tana shekara uku, zaune cikin bahon wanka, tana tsala kuka da kumfa a ido. Ka rubuta a ƙasa, "Sarauniyar gidana." Yanzu shekararta goma sha ɗaya. Yau kwana tara ke nan ta ƙi zuwa makaranta, domin 'yan ajinsu sun ga hoton a wayoyin iyayensu, sun laƙaba mata 'Yar Baho. Shekara talatin da huɗu na yi riƙe da alli, ban taɓa hukunta ɗalibi ban yi masa misali ba. Kai ma, ɗana, zauna ka ji naka.

Wani manomi ya gina wa 'yarsa ɗaki, ya yi masa jinka da ciyawar da ya zaɓo da hannunsa. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yaba. Daɗi ya kama manomi, ya riƙa zaro bunu yana miƙa wa mai yabo, wai ya kai garinsu a gani. Ba ƙin yarinyar yake yi ba, son ta ne ya rufe masa ido. Da damina ta faɗi, ruwa ya sauko kan tabarmarta, yaran da ke hawa tsamiyar bayan gida kuma suka sami kafar leƙe. Ya bi ƙauye-ƙauye yana roƙon a mayar masa da bununsa. Wannan ya ce akuya ta cinye, wancan ya hura wuta da shi, wani ya ba baƙon da ko sunansa bai tambaya ba. Ɗan abin da ya samo ya cusa, iska ta fizge.

Ka ce mini ka goge hoton. Madalla. Daga wayoyi nawa?

To, ga hukunci. Kafin Juma'a za ka ba jikata, amaryata ta kaina, haƙuri a gaban mutanen gida. Sannan ka rubuta ban haƙuri a shafin nan da ka tallata ta, ba hoto, ba sunanta, kuma sai na bi rubutun da jan biro tukuna. Jinkar da ta rage, ka bar mata abarta. Hoto ma magana ne, Hausawa kuwa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.