Shafin da Kaka ta Manne da Tuwo

Da la'asar Yaya Sani ya sauko daga motar Kano, ya kawo mini littafin hotuna na masu wasa da dabbobi a cikin wata ƙatuwar rumfa. Na miƙa hannu zan karɓa. Amma a gidanmu na Toranke, ba abin da ke shiga hannun yaro sai Kaka ta duba.

Ta ture gyaɗar da take ɓarewa, ta buɗe. Ga giwa tsaye kan ganga, ga biri yana tuƙa keke. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Waɗannan sun fi masu wasan kura na kasuwar Ajingi," in ji ta.

Sai ta kai inda wani ya tura kansa cikin bakin zaki. Ta dube ni, ta dubi jakinmu mai cizo a turke.

"Wannan yaron sai ya gwada."

Ta lakato ragowar tuwo, ta manne shafin, ta miƙo mini. "Sauran naka ne."

Na ruga bayan rumbu, na ɗaga shafin saitin rana. Ga zakin nan, baki a wangale.

Yau ni nake duba wa 'ya'yana littafi. Har yanzu in na ji ƙamshin tuwon dawa, haƙoran zaki nake gani.