Kallabina a Cikin Amya

Bazarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai ce. Na taso daga makaranta na biya gonarmu a Mandera, na tarar zuman Baba sun yi wa amyarsu yawa, rabinsu sun fito sun dunƙule a reshen tsamiya. Baba na riƙe da sabuwar amya da ya turara, yana so ya kama su kafin su gudu daji.

Sai wani dogo a cikinsu ya sauka a bakin farin kallabina. Sauran suka biyo shi.

"Ɗiyata, kak ki motsa," in ji Baba a hankali. "Sarkinsu na bisa gare ki. In ya tashi, sun tahi ke nan."

Kaina ya yi nauyi. Ina jin ƙafafunsu a bayan kunnena, ina son kuka, ina tsoron buɗe baki. Baba ya kwance kallabin, yatsunsa na warin hayaƙi, ya zura shi cikin amyar tare da su.

"Na makaranta ne," na ce.

"Ya zan nasu."

Har yau in na ji kukan zuma sai in ɗauke numfashi, ina jiran yatsun nan.