Matajin Ramla

Tun da aka kafa dokar ba kowane ɗalibi mai galahanga wayar da ke magana da muryar mahaifiyarsa, safiya ta daina zama yaƙi a gidan Kubura. A da, 'yarta Ramla ba ta yarda a taɓa mata kai, da ta hango mataji sai ihu. Yau kuwa ga ta zaune a tabarma, ta jingina wayar da kwalbar man gashi, ta kasa kunne.

"Daga bakin gashi ake farawa, Ramla," in ji wayar, da muryar Kubura sak. "A hankali, babu mai korar ki."

Kubura na tsaye a bakin ƙofa da kofin koko. Ita dai ta san ba ta taɓa magana da sanyi haka ba. Makaranta ce ta ɗauki muryarta, ta tace gajiyar da faɗan duka.

Ramla ta taje kanta tsaf, ta shafa mai, ta ɗaura ɗankwali.

"Kin yi kyau, 'yar albarka," in ji Kubura, daɗi ya cika ta.

Yarinyar ba ta waiga ba. Ta zuba wa wayar ido tana jira. Sai da wayar ta faɗi hakan, sannan ta yi murmushi ta ce, "Na gode, Umma."

Kubura ta ajiye mata kokon ta koma madafa. Can ta rage murya, tana gwada faɗin "a hankali" yadda wayar ke faɗa.