Tabon Man Kitso a Bango

Wata la'asar, ina yaro, na dawo daga Islamiyya na tarar da Baba durƙushe a falon gidanmu na haya a Karmo, da ƙaramin gwangwanin fenti da ya sayo a kasuwar Dei-Dei. Abin ya ɗaure mini kai, domin ba Sallah ba ce, ba suna ba, kuma Baba bai taɓa damuwa da bango ba. Umma ta kwana biyu ba ta nan, an ce mini ta tafi Funtuwa ganin gida.

Na tsaya bakin ƙofa ina kallonsa. Bai taɓa inda hayaƙin fitila ya ɓata ba, bai taɓa baƙaƙen ajamin da na zana da gawayi ba. Wuri guda ya nufa, tabon man kitso, inda Umma ke jingina kai idan tana tsintar shinkafa.

Na ce, "Baba, ai in Umma ta dawo wurin zai sake ɓaci."

Ya ce, "Matsa can, malam, kada ka shafi fenti."

"Yaushe za ta dawo?"

Ya tsoma buroshi, bai dube ni ba. Ya ce, "Masu fentin nan sun cuce ni, kalar ba ta zo daidai ba."

Allah ya jiƙan Baba. Yanzu da na kai shekarunsa na san amsar ce ta fi ƙarfin bakinsa. Amma ran nan zargi kawai nake da shi. Da ya fita wanke hannu, na lallaɓa na leƙa uwar ɗaki. Keken ɗinkin Umma ba ya nan.