Goyon Jemage

Yaya, ɗazu na ji ka kori 'yarka da ta kawo maka bushiya a ƙwarya, ka ce kana da aiki. Ban ce maka komai a gabanta ba. Amma zauna, ka ji wani misali.

An yi wani mai baibaya, wanda duk ƙauyensu ba mai ɗaura jinka kamarsa. Yana da 'ya guda, mai sunan mahaifiyarsa, don haka Uwata yake ce mata. Yarinyar nan Allah Ya sa mata son sanin halittu. Takan wuni a tsugune tana kallon zanzaro yana kwaɓa laka yana gina ɗakinsa a jikin bango. Takan bi buzuzu har bayan gari don ta ga inda zai kai kayansa. Ta taɓa ƙin cin tuwo saboda hawainiya ta ƙi sake launi a kan zanen uwarta. Amma duk cikin halittu jemage ne ya fi ɗaure mata kai. Da la'asar sakaliya sai ta kwanta rigingine a tsakar gida, tana jiran su fito daga tsohuwar jinka, suna yawo kamar ƙonannen ganye da iska ta ɗauka. Shi kuwa uban, jemagu a wurinsa wari ne da kashi. Kafin ya yaye tsohuwar ciyawa, sai ya zuba ɗanyen haki a kan garwashi cikin kasko, ya hau tsani ya tura musu hayaƙi su watse. Tun yana saurayi yake wannan, bai taɓa tsayawa ya dubi ko ɗaya ba. Wata rana da bazara yarinyar ta riƙe masa ƙafar tsani, ta ce, "Baba, jemage ba ta da zanen goyo, kuma kanta a ƙasa yake. To da me take goya ɗanta bai faɗo ba? Hau da ni in gani." Ya yi dariya, ya ce, "Uwata sarkin tambaya! Hadari ya fara haɗuwa, ɗakunan mutane a buɗe. Bari in gama, zan hau da ke." Washegari ta sake tambaya, ya ce gobe. Goben ma ya ce gobe. Kafin ruwan farko ya sauka, sanƙarau ya shigo garin. Yarinyar ta kwanta da ciwon wuya, ba ta tashi ba.

Bayan an share makoki, dole ya koma aiki, don damina ba ta jiran mai kuka. Aka kira shi gyaran wani tsohon ɗaki da jemagu suka cika. Ya hau da kaskonsa, kuma a ranar ya cika hakin fiye da kullum, don ya tsani jin kukansu. Kowace tsuwa suka yi sai ya ji kamar muryar 'yarsa. Hayaƙi ya turnuƙe, suka watse. Guda ɗaya ce ta ƙi tashi. Ta yi ta maƙale wa sandar jinka har hayaƙin ya bugar da ita, ta faɗo a kan hannun rigarsa. Ya ɗaga hannu zai yarfe ta, sai fiffikenta ya buɗe. Ga ɗa nan, bai kai kan babban yatsa ba, ba gashi, ido a rufe, ya kafa 'yan farcensa a ƙirjinta, bakinsa a kan nono. Ashe ba a baya take goyo ba. A ƙirji take yi, kuma fiffikenta shi ne zanen. Bai san lokacin da ya waiwaya ƙasa ba, ya ce, "Uwata, zo ki ga!" Babu kowa a gindin tsani, sai inuwarsa. Ya daɗe a tsaye a sama. Sannan ya mayar da ita kan sandar a hankali, ya sauko ya kife kaskon a ƙasa ya take wutar da ƙafa. Ya ce wa mai gidan a bar ɗakin nan sai 'ya'yan sun iya tashi. Mai gida ya ce, "Haba malam, ruwa na bisa kanmu, kai kana renon jemagu? In ba za ka yi ba in kira wani." Ya ce, "Kira." Ya saɓa tsaninsa ya tafi gida, da amsa a bakinsa, ba wanda zai ba.

To Yaya, taka tana nan da ranta. Ga ta can bayan rumbu, ta rufe ƙwaryar da faifai, har yanzu tana leƙen ko ka gama. Aikin zai jira ka. Tashi ka je ku duba bushiyar tare, ko da ba ka san amsar abin da za ta tambaye ka ba. Hausawa sun ce, da na sani ƙeya ce, a baya take.