Ranar da Fanka Ta Yi Shiru

Ina tsintar shinkafa bayan azahar sai na ji ɗakin jikana ya yi tsit. Ga wuta kuwa, firjin maƙwabta na ta gurnani.

Yaron nan sikila gare shi, kuma ba ya kuka. In ciwon ya taso, kwamfutarsa yake kashewa, ya kwanta a ƙasa ya ciji filo. Ya matsa mata tana gudun da ya fi ƙarfinta, wai don haɗa bidiyon biki, fankar cikinta kuwa sai ihu kamar injin markaɗen Gyadi-Gyadi. Kullum sai na zage ta. Amma da ihun nan nake sanin yana zaune lafiya.

Na ƙwala masa kira, shiru. Na miƙe, tiren shinkafar ya kife. Da dafa bango na kai ƙofar, ina tunanin wa zai taro mana adaidaita zuwa asibiti.

Na tura. Ga shi zaune daram, ya toshe kunnuwa da wayar jin sauti, yana washe baki.

"Tsohuwa, kin ji? Tsit! Sabuwar fanka na sayo, mai ruwa a ciki. Na daɗe ina zaɓe, duk saboda kunnenki."

Na zauna bakin katifa.

"Ina waccan?"

"Na ba abokina a Tarauni."

"Maza karɓo ta."

"Ke da kike zaginta?"

"Angona, mai cin wuya ya yi shiru, ɗaya ya ishe ni a gidan nan."