Mai Taɓa Zaren Tartsatsi

Ke, tsaya ki ji, yanzu-yanzu aka yi abin! Kin dai san Tartsatsi ta ajinmu, wadda ko shayi ba ta iya jira ya huce? To, ranar nan da safe ta faɗa ɗakin kwamfuta, ko jaka ba ta ajiye ba ta kunna na'urar da ke bakin taga, sai ta buga tsalle.

"An kuma! Wallahi an kuma taɓa min!"

Abin da ke ƙasa shi ne, Malamin kwamfuta ya ce ɗaliba ɗaya tak zai kai gasa, ko ita ko Monita, shugabar ajinmu. Aikin da ya ba su, kowa ta rubuta manhajar da za ta rage girman hotunan 'yan makaranta duka. Tartsatsi ta raba aikin gida-gida, kowane hoto da ɗan ma'aikacinsa a cikin na'ura, shi ne Malam ke kira zare. Kafin ka ƙirƙiri zare kuwa sai ka fara tsara masa halinsa: nawa ne wurin ajiyar da za a ba shi, sannan uwar manhajar za ta tsaya ta jira shi ya gama, ko za ta sake shi ya yi ta kansa.

Tartsatsi da jira? Ina! Ta sake su duka, ta matse musu wurin ajiya. Manhaja kuwa kamar walƙiya, kafin ki ƙifta ido ta rufe. Wani hoton ya fito rabi, wani babu kai, ta ce laifin tsohuwar na'ura ne.

Amma kullum ta dawo da safe sai ta tarar an juya mata layukan da ta tsara halin zaren a manhajar. An ce a jira kowane zare, an ƙara musu wuri. Ta mayar, a sake juyawa. Ta mayar, a sake juyawa.

Monita ce Tartsatsi ta fara tarewa a bakin famfo. Monita kuwa ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Ni na taɓa miki? Ƙawata, wanda ke nutsewa da kansa ai ba a wahalar tura shi."

Tartsatsi ta je wa mai gadi. Ya ce shi dai abin da ya sani, in an tashi makaranta akwai ajin manya da ke shiga ɗakin da yamma, iyaye ne da kakanni masu koyon danne-danne. Tartsatsi ta yi tsaki. Waɗanda ke neman harafi da yatsa ɗaya ne za su san zare?

Abinci ma ya daina shiga. Tana zaune tana karkaɗa ƙafa, ta tashi, ta leƙa taga, ta dawo. Ummanta, da ta shigo kusan magariba daga wajen Gwaggo da ta ce tana zuwa dubawa 'yan kwanakin nan, ta tambaye ta lafiya.

"Umma, wani jaki ne ke zama a kujerata. In na kama shi sai ya gane kurensa."

"Assha, bai kyauta ba," in ji Umma, tana yanka albasa ko ɗagowa ba ta yi ba. "Amma hotunan suna fitowa daidai in ya taɓa?"

"Wa ya tsaya dubawa? Gudu ake nema!"

Ranar gwaji motarsu ta maƙale a cunkoso. Ta shigo tana haki, Malam har ya ja kujera ya zauna gaban na'urarta. Ta hango layukan, an sake juya su, ga shi babu halin taɓawa.

Ta Monita aka fara, ta gama tsaf cikin lokaci. Aka danna ta Tartsatsi. Shiru. Tana ciza farce, tana murza gefen hijabi, zufa na bin bayanta. Manhajar da ta saba rufewa nan take yau ta tsaya ƙyam, sai da zare na ƙarshe ya dawo. Duk da haka ta riga ta Monita da ɗan kaɗan.

Malam ya buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Kowa da kansa, kowa da kunnuwansa biyu.

"Na ɗauka sakin su za ki yi, yadda na san halinki," ya ce. "Da kin sake su, uwar na rufewa za ta tafi da waɗanda ba su gama ba. Ke za ki gasar."

Aji ya ɗauki tafi, ita kuwa ko murmushi ta kasa. Wa ya yi mata wannan? Don me?

Shi ne fa yau da aka tashi ta ƙi tafiya gida, ta laɓe bayan labulen taga. Ƙafa ta yi tsami, sauro ya samu na kalaci, sau biyu tana cewa ta fasa. Can sai ga manyan suna shigowa, wannan na tari, wancan na neman tabarau. Wata mata ta ja kujerar bakin taga ta zauna, ta ba labulen baya. Malamin manyan ya ce, "Hajiya sarkin tambaya, yau ma aikin yarinyar nan za a duba?"

"A'a Malam, an gama da wannan," matar ta ce. Ba ta ko waiwayo ba ta miƙa hannu ta yaye labulen. "Fito, takalminki ya tona ki. Ga jakin ya zo, sai ki nuna wa Ummanki kurenta."